Wasiƙa daga Cambridge: wasannin da ake lodawa daga kaset

Assalamu alaikum jama'ar gida. Da fatan kowa yana lafiya, mu ma nan alhamdu lillahi. Tun da na ambaci cewa nakan kai yarana gidan adana tsofaffin kwamfutoci, saƙonni ba su yanke ba, kuma tambayar ɗaya ce: yaya magidanci zai kwashi 'ya'yansa ya kai su buga gem, alhali mu a nan fama muke da namu su ajiye waya? Wasu kuma sun tambayi batun haya da makarantar yara. Zan taɓa su, amma bari in fara da gem ɗin.

Sunan wurin Centre for Computing History. Injinan a kunne suke, kujera kawai za ka ja ka zauna. Wanda ya fi shiga raina shi ne ZX Spectrum, wanda kamfanin Clive Sinclair ya fitar a 1982. Baƙi ne, ɗan ƙarami, madannansa na roba, kuma da talabijin ɗin gida ake jona shi. Ƙaramin fam 125 aka sayar da shi, babban mai ƙwaƙwalwa kilobait 48 kuma fam 175. Hoto guda na wayar yau ba zai shiga wannan ƙwaƙwalwar ba.

Wani dattijo maƙwabcina yana da nasa tun yana yaro, shi ya nuna mini yadda wasa ke shiga cikinsa, kuma har yau abin yana ba ni mamaki. Kaset ne fa, irin wanda muka sha sauraron wa'azi da waƙa a cikinsa. Ya jona rediyo mai kaset da kwamfutar, ya rubuta LOAD da alamar zance guda biyu, ya saki kaset. Sai wata ƙara mai tsini ta tashi kamar kukan gyare, gefen talabijin yana ta zuba layi-layi, da fari ja da shuɗi mai haske, daga baya rawaya da shuɗi. Wannan ƙarar ita ce wasan kansa: ɗan sauti mai tsawo yana nufin 1, gajere yana nufin 0, kwamfutar tana saurare tana tarawa. Minti huɗu zuwa biyar ana zaune ana jira, hoton farko yana fitowa layi bayan layi, kalar ta biyo daga ƙarshe. Idan murya ta yi yawa ko ta yi kaɗan, ko kan rediyon ya yi datti, sai rubutu ya fito a ƙasa, R Tape loading error, a mayar da kaset baya a sake daga farko. Na ga ya ɗauko 'yar sukundireba yana juya wani ƙaramin noti kusa da kan rediyon, kunnensa a kan ƙarar, har ta washe. Ya ce a zamaninsu yaro ɗan firamare ya iya wannan. Ya kuma faɗa mini, ba ɓoye-ɓoye, cewa yawancin kaset ɗinsa kwafi ne daga na abokai.

Wasan da ya loda shi ne Manic Miner na 1983. Wani mahaƙi ne ke bin koguna 20, yana tsallake abokan gaba yana tsintar kaya, iskarsa tana ƙarewa a hankali. Tsalle ɗaya ka kuskure, rai ya tafi. Wanda ya rubuta shi, Matthew Smith, shekarunsa 17 a lokacin. Shekara guda bayan haka ɗalibai biyu na jami'ar garin nan, David Braben da Ian Bell, suka fitar da Elite a kan BBC Micro, kwamfuta mai kilobait 32. Fatauci ne a sararin samaniya: ka sayi kaya da araha a wannan duniya ka kai wata ka sayar, 'yan fashi suna tare hanya. Duniyoyin 2,048 ne, rukuni 8 kowanne da 256. Ba wurin da zai ɗauke su, don haka ba su adana su ba; daga 'yan lambobi kaɗan kwamfutar ke lissafo kowace duniya da sunanta da tattalin arzikinta a lokacin da ake bukata. Ƙarancin wuri ne ya tilasta musu wannan dabara.

To ga amsar tambayarku. Idan ka kunna irin wannan kwamfuta, ba abin da za ta nuna maka. Jira take ka rubuta mata umarni da harshen BASIC. Mujallu sukan buga wasa sukutum a rubuce, yaro ya wuni yana kwafa, ya yi kuskure a layi ɗaya, ya nemo shi, a nan ya gane abin da layin ke yi. Gobe sai ya canja lamba ya ƙara wa kansa rai, jibi ya fara nasa. Ba duka suka zama wani abu ba, da yawa wasa kawai suka yi suka girma. Amma a garin Dundee na Scotland, inda masana'antar Timex ta harhaɗa Spectrum, samarin garin ne suka kafa DMA Design, kamfanin da ya yi wasannin Lemmings a 1991 da Grand Theft Auto a 1997. Kamfanin Acorn da ya ƙera BBC Micro shi ya tsara ƙwaƙwalwar sarrafa umarni ta ARM a 1985, wadda zuriyarta ke cikin kusan duk wayar da ke hannunku. Braben kuma yana cikin waɗanda suka kafa gidauniyar Raspberry Pi, mai fitar da 'yar ƙaramar kwamfuta mai araha don koyon rubuta manhaja, domin sun lura yaran baya ba su samu wannan ƙofar ba.

Waya ba ta gayyatar yaro ya rubuta komai, shafa kawai take so. Ban ce a daina kayyade musu lokaci ba, ni ma ina yi. Amma da ni ne ke da tsohuwar laftof da aka jingine a ɗaki, da na sa mata Scratch ko Python, harsunan rubuta manhaja; kyauta ne, kuma da zarar an sauke su ba sa cin data. In yaro ya gama buga wasa, a tambaye shi yadda aka yi mutumin nan ke tsalle.

Batun haya, tsada ce kawai, kuma kuɗin ɗumama ɗaki a hunturu yana neman kamo ta. Na makaranta yana bukatar wasiƙarsa daban. Ban kuma ce komai ba a kan Commodore 64 na Amurka, wanda ya fi Spectrum sauti nesa ba kusa ba. Mai son gwada na Spectrum ya nemi manhajar Fuse, tana kwaikwayonsa a kan kwamfutar yau, har da ƙarar kaset ɗin.

Naku a Cambridge.