Rajab da sunayensa

'Yan'uwa, bari mu san watan Rajab. Shi ne na 7 a kalandar Hijira, kuma ɗaya daga cikin watanni huɗu masu alfarma da aya ta 36 ta Suratul Tauba ta ambata. Zulƙida, Zulhajji da Muharram a jere suke, shi kuwa ya ware shi kaɗai, shi ya sa ake ce masa Al-Fard. Asalin sunan daga tarjibi ne, wato girmamawa.

Larabawan jahiliyya suna kiransa Al-Asamm, kurma ke nan, domin ba a jin ƙarar makami a cikinsa. Har cire tsinin mashi da na kibiya suke yi su ajiye, daga nan aka samu sunan Munsilul Asinna, wato mai cire tsinin masu. A hadisin Abu Bakra, Annabi (SAW) ya kira shi Rajab na ƙabilar Mudar, wanda ke tsakanin Jumada da Sha'aban. Dalili? Ƙabilar Rabi'a Ramadan take girmamawa da wannan suna, Mudar ce ta riƙe watan a muhallinsa.

Mu kuwa watan azumin tsofaffi muke ce masa, kuma a nan ake tuntuɓe. Azumin nafila ba laifi, Litinin da Alhamis ko 13, 14 da 15 ga wata. Amma Ibn Hajar ya ce babu ingantaccen hadisi kan keɓance Rajab da azumi. Salatur Raga'ib kuwa, raka'a 12 tsakanin Magariba da Isha'i a daren Juma'ar farko ta Rajab, Imam Nawawi bidi'a ya kira ta.