Ranar gwajin abincin da zai raka shampen

Talata, birnin Reims na ƙasar Faransa.

Yau ba mu buɗe wa baƙi da rana ba, domin shugaban kicin ya ware yinin don tsara abincin wani bikin aure da za a yi ranar Asabar, wanda masu shi suka ce shampen, wato giyar inabi mai kumfa ta wannan yanki, ita kaɗai za a zuba tun daga farkon walima har ƙarshenta. Ni ba na shan giya, kuma kowa a gidan abincin ya san haka, saboda haka nawa girki ne da sunsunawa, ɗanɗano kuwa na matar da ke kula da giyar gidan ne, wadda muke kira Madam.

Kwalbar farko daga Côte des Blancs take, wato tuddan da ke kudu da garin Épernay, inda ake noman farin inabi nau'in Chardonnay a kan ƙasa mai alli. Da na kai kofin hanci sai na ji ƙamshin lemun tsami da na ɗanyar tuffa, siriri mai kaifi. Na soya farin kifi da man shanu, na barbaɗa masa gishiri, Madam ta ci loma ɗaya ta kurɓa, ta ce wannan ya zauna ba sai an taɓa ba. Bayaninta shi ne tsamin giyar da kumfarta suna wanke maiƙon da ya kwanta a harshe, gishiri kuma yana sassauta tsamin, shi ya sa ko soyayyen dankalin turawa yakan yi mata kyau fiye da wasu girke-girke masu tsada.

A kan kwalba ta biyu muka fi daɗewa. Ta baƙin inabi ce, nau'in Pinot Noir na tuddan Montagne de Reims, kodayake ruwanta fari ne saboda ana matse inabin a hankali a raba shi da ɓawonsa nan take. Ƙamshinta ya ba ni mamaki, domin na gasasshen burodi ne da soyayyar gyaɗa, kamar mutum ya wuce ta ƙofar gidan burodi da asuba. Dalili kuwa shi ne shampen tana sake tsima a cikin kwalba, yis ɗin da ya gama aikinsa ya kwanta a ciki, kuma doka ta hana a fitar da ita kasuwa kafin wata 15, ta inabin shekara guda takamaimai kuwa sai bayan shekara 3. Kifin nan ya ɓace a gabanta gaba ɗaya. Gasasshiyar kaza da miyar madara da laimar kwaɗi (mashurum) ita ce ta iya da ita, sai kuma cukun Langres, mai ɗan rami a samansa, wanda mutanen yankin kan zuba wa shampen kaɗan kafin su yanka. Na so in sa barkono a miyar, amma Madam ta ce kumfa tana ƙara wa yaji zafi har ya rufe komai, don haka na tsaya a kan masoro.

Gardama ta tashi ne a kan kek. Iyayen amarya sun nemi a ci shi da shampen nau'in brut, wadda sukarinta bai kai giram 12 a lita ba, shugaban kicin kuma ya so a bi son ransu tunda su ke biya. Madam ta yanka masa kek, ta miƙa masa kofi ta ce, "Shef, gwada da kanka." Ya kurɓa ya yamutsa fuska, domin zaƙin kek ɗin ya mayar da giyar tsami zalla. Sai ta kawo demi-sec, mai sukari tsakanin giram 32 zuwa 50, tare da biskit ɗin Reims mai ruwan hoda wanda ake tsomawa a kofi ba ya marmashewa. A ganina ita ce da gaskiya, kuma na rage sukarin kek ɗin na ƙara masa 'ya'yan itace masu ɗan tsami don su haɗu a tsakiya.

Gobe Shef zai kira iyayen amarya ya shaida musu sauyin, ni kuma zan je kasuwa da sassafe neman kaji da cuku.