Kar ka tsiyaya fetur a gawayi, ni na yi na gani

Washegarin Babbar Sallah ina zaune a tsakar gida nan Garwa sai na hango ɗan ƙanwata durƙushe gaban murhu, kwalbar zuwa-zuwa, wato fetur ɗin da ake sayarwa a bakin hanya, a hannun dama, waya a hagu wai bidiyo yake ɗauka, gawayin kuma ya riga ya fara hayaƙi. Wallahi ban san lokacin da na zabura na fizge kwalbar nan ba. Ya ɗago yana cewa haba Kawu ɗan kaɗan ne fa.

Ɗan kaɗan. Abin da na ce kenan nima ina ɗan shekara 19. Sallar ta faɗo cikin damina, gawayi ya sha sanyi, baƙin Baba sun cika zaure ana jiran nama, na yi ta fifita da mafici har hannuna ya sage wuta ta ƙi kamawa, Baba ya aiko sau biyu. To ya zan yi? Kowa a unguwa haka yake yi a lokacin, ba wanda ya taɓa ce min tururin fetur ne ke kamawa tun kafin ruwansa, kuma ya fi iska nauyi yana bin ƙasa. Na tsiyaya, wutar ta biyo fetur ɗin har bakin kwalba, na yi jifa da ita ban duba ba, ta faɗi kusa da ƙanwata tana 'yar shekara 6. Ita ce uwar yaron nan. Har yau tabon na nan a ƙwaurinta, nawa kuma a bayan hannu. Wani lokaci in ce yarinta ce da matsin manya, wani lokaci in tuna ai na ga jan garwashi a ƙasan gawayin da idona kuma na zuba. Na gani fa. Sannan muka ƙara ɓata lamarin, aka shafa mata makilin da ɗanyen ƙwai, a asibiti sai da aka kankare tana ihu, alhali ruwan sanyi kawai ake so a yi ta kwarara wa ƙuna kamar minti 20.

Na so in jero muku shawarwari da yawa amma yaran yanzu ba ku tsayawa ku saurara, komai sai yanzu-yanzu. To ga shi a taƙaice. Ku nemi bututun hura gawayi. Gwangwani ne dogo mai mariƙi, buɗe sama da ƙasa, da raga a ciki ta raba shi biyu, da huda kewaye da gindinsa. Ka cusa takarda biyu ko uku a ƙasa, kar ka danne ta, ka cika sama da gawayi, ka ɗora kan murhu ka kyasta ashana. Zafi na hawa sama yana janyo iska ta hudojin, shi ke fifita kansa. Minti 15 zuwa 20 za ka ga na saman ya fara yin fari da toka, sai ka riƙe da tsumma mai kauri ka juye. Kuma nama ba ya warin mai.

Ba sai ka sayi na kanti ba, babban gwangwanin tumatir ko na Nido ya isa, kai wa mai walda ya sa maka raga da mariƙi, ka ƙone shi sau ɗaya fentin ya fita kafin ka yi aiki da shi. Ko da yake in kana da hali sayi na kantin, na gwangwani ba ya daɗewa yake cinyewa. Kananzir da ɗan sauƙi in tun kafin a sa wuta ne, a'a, shi ma ku bar shi, na san ku, in na ba ku ƙofa gobe fetur za ku ɗauko. Kuma lokacin hunturu kar wanda ya shigar da garwashi ɗaki ya rufe ƙofa, iskar da yake fitarwa ba ta da wari, cikin barci take kashe mutum.

Yaron dai ya tsaya yana ƙunƙuni wai minti 20 ya yi yawa, shi da ke cinye awa uku a TikTok. Na ce je ka ɗauko min gwangwani da ƙusa, in ka dawo kuma ka ce wa uwarka ta nuna maka ƙafarta.