Na Bi Sawun Hotunan Dutse a Bakin Kogin Misisifi

Yau kwanana tara da dawowa daga Amurka, inda na je bikin kammala karatun ɗan ƙanena a birnin Sen Luwis na jihar Mizuri. Bikin yini ɗaya aka yi aka watse. Sauran kwana shida kuwa wasu tsofaffin hotuna masu launi ne suka cinye su. Shekarata talatin ina aikin ɗab'i a Zariya, saboda haka duk inda na ga tawada a kan takarda sai na tsaya.

A wani ɗakin karatu na birnin na fara ganinsu, kuma ban shiga da daɗi ba. Matar da ke tsaron ɗakin ta karɓi fasfona ta jujjuya shi kamar ta kama jabu, ta ƙwace birona ta miƙo mini fensir ba tare da ta dube ni ba, sannan da na sunkuya don in shinshina takardar, abin da kowane mai ɗab'i yake yi, sai ta daka mini tsawa daga inda take zaune. A gida ko masinja ba ya ɗaga wa mai furfura murya haka. Yaron ya raɗa mini cewa, "Baffa, ka yi haƙuri, doka ce, ba da kai take ba." Na haɗiye, domin abin da ke gabana ya fi ƙarfin fushi.

Littafin Henri Luwis ne, mai hotuna 78 na kwarin Misisifi, wanda kamfanin Arnz ya buga kashi-kashi a birnin Dusuldof na Jamus daga 1854 zuwa 1857. Shi Luwis haifaffen Ingila ne, kafinta ne a Sen Luwis kafin ya koma zane, kuma a 1848 ya ɗaure kwalekwale biyu ya kafa rumfa a kansu, ya gangaro kogin yana zana garuruwan da ke gaɓa ɗaya bayan ɗaya. A hotunan ana ganin jiragen ruwa masu tururi sun jeru a kwata hanci da hanci, hayaƙi na tashi, rumbunan kaya a bayansu, sararin sama kuwa wani shuɗi mai laushi wanda injinmu na yau ba ya iya fitarwa. Na daɗe a kan wanda ya nuna gobarar 17 ga Mayun 1849, wadda ta tashi daga jirgin White Cloud ta cinye jirage 23 da gine-gine sama da 400, a shekarar da kwalara ma take ɗibar mutanen garin.

Wani dattijo Bature da ke zaune kusa da ni ya ga duk abin da ya faru. Da muka fito sai ya tambayi sana'ata, da ya ji kuwa sai ya riƙe hannuna, ya ce shi ma a maɗaba'a ya yi ritaya, kuma lalle mu je gidansa. Matarsa ta dafa mana kifi da dankali, bayan ta tambayi yaron a asirce abin da ba ma ci, sannan maigidan ya kai mu garejinsa ya yaye wani tsohon bargo. Falalen dutse ne fari sol, mai santsi kamar allon da aka wanke, irin farar ƙasar da ake haƙowa a Solnhofen ta Jamus, wadda Alois Senefelda ya ƙirƙiro fasahar buga hoto da dutse da ita a 1796, fasahar da aka buga hotunan Luwis da ita. Ya yi zane a kai da alli mai maiƙo, ya shafa ƙaro da aka jiƙa da ɗan asid, ya jiƙa dutsen da soso, ya mirgina tawada. Inda akwai ruwa tawadar ta ƙi zama, inda akwai maiƙo ta kama. Nan na yi dariya, domin wannan gabar da ke tsakanin ruwa da mai ita ce dai take aiki a injin da nake ci da shi, sai dai mu da farantin ƙarfe muke yi. Da na gaya masa cewa ƙaron nan daga jikin dakwara ake ɗebo shi, kuma na ga buhunansa a kasuwannin Yobe, sai ya ɗaga kwalbar yana kallonta kamar yau ya fara ganinta.

Shi ne ya fahimtar da ni cewa launin iri biyu ne. Na farko, a buga baƙi kaɗai sannan a sa ma'aikata su bi kowace takarda da burushi, shi ya sa ba a samun kwafi biyu masu kama sak. Na biyu shi ne wanda Godfrua Engelman ya yi wa rajista a Faransa a 1837, inda kowane launi yake da dutsensa, takarda ɗaya ta bi ta kan duwatsu da yawa, kuma in ta goce ko da faɗin gashi ne aikin ya lalace. Wanda ya taɓa kwana yana daidaita launi huɗu a kan kalandar siyasa ya san abin da hakan yake nufi. Da za mu tafi ya ba ni gilashinsa na duba ɗab'i, na yi-na yi ya karɓi wani abu ya ƙi.

Washegari na je bakin kogin da hoton a cikin kaina, ban sami ko ɗaya daga cikin rumbunan ba. An rushe unguwar kwatar gaba ɗaya tun wajen 1940, yanzu ciyawa ce shimfiɗe da wani ƙaton bakan ƙarfe mai tsawon mita 192 da aka kammala a 1965. Tsohon kotun da wani bawa mai suna Dired Sukot ya shigar da ƙarar neman 'yancinsa a 1846 yana nan, kuma a matakalarsa an yi gwanjon bayi. Wannan ya sa na sake tunani a kan hotunan. Ra'ayina shi ne yawancinsu talla ne: an yi su don mai kuɗi a gabashin ƙasar ko mai niyyar ƙaura daga Jamus ya gani ya taso, don haka tituna a share, kwata cike da jirage, 'yan dakon da suka sauke auduga da gishiri kuwa, waɗanda da yawansu bayi ne, sun zama ɗigo-ɗigo marasa fuska. Haka na tuna da hoton Kano daga kan Dala da ke cikin littafin Barth, matafiyin nan Bajamushe wanda ya zo mana da sunan Abdulkarim a 1851. Shi ma a Turai aka ƙawata shi aka buga, ya fito tsaf, alhali shi kansa Barth ya koka da kududdufan birnin a rubuce.

Daga nan muka ɗauki hayar mota muka bi kogin arewa. Kuɗin hayar da na mai ban ga laifinsu ba, amma kofin shayi dala huɗu, kuma a ce sai ka ƙara wa mai kawowa wani abu, wannan ban saba da shi ba har na dawo. A Nawu na ga haikalin 'yan ɗariƙar Momon a kan tudu kamar yadda yake a zanen Luwis, sai dai na asalin an ƙone shi a 1848, wannan a 2002 aka sake gina shi. A Dabinfot, inda Yohan Kasfa Wild, wani mai irin wannan zane ɗan ƙasar Suwizalan, ya rasu a 1846, aka nuna mini wurin gadar jirgin ƙasa ta farko da ta haye Misisifi a 1856. Mako biyu da buɗe ta jirgin ruwan Effie Afton ya yi karo da ita ya ƙone, aka je kotu, Abraham Linkon, wanda lauya ne a lokacin, ya tsaya wa masu gada. Daga lokacin kaya suka fara barin ruwa suna hawa dogo.

A Galina na yi ciniki. Garin da dalma ta gina shi, kogin da manyan jirage suke shigowa ta cikinsa kuwa laka ta cike shi har ya koma kamar rafi. Wani mai shagon tsofaffin kaya ya ɗauko mini hoton garin a cikin firam, ya ce na shekarun 1850 ne, dala 400. Na zaro gilashin dattijo na ɗora. Maimakon burbuɗin dutse sai ga ɗigogin launi huɗu a jere, irin waɗanda nake bugawa kullum. Na miƙa masa gilashin na ce ya duba da kansa. Fuskarsa ta yi ja, ya ce shi ma haka aka sayar masa. Na taya dala 15, yaron yana ja mini riga yana cewa, "Baffa, a nan ba a tayi." Ashe ana yi: a 25 ya sallama, har da firam.

Rana ta ƙarshe muka yi kudu zuwa Kero, wadda ake rubuta sunanta kamar na Alƙahira a Turance, a mahaɗar Ohayo da Misisifi. Na sa rai zan ga wani abu kamar Lakwaja, da 'yan kwalekwale da masu soya kifi. Garin da ya haura mutum 15,000 a 1920 bai kai 2,000 ba a ƙidayar 2020. Mun zaga babban titin sau biyu muna neman inda za mu sayi ruwan sha, ba mu samu ba, muka yi sallar la'asar a kan ciyawar da ke tsinin mahaɗar, wani jirgi yana tura kwale-kwalen hatsi yana wucewa a gabanmu.