Tarihin Rayuwata, Kashi na 7: Buhun Alkamar Umma

A makon jiya na tsaya a daren da Baba ya kira ni soro bayan sallar isha'i, ya ce tunda sakamakon jarrabawata bai yi kyau ba, ba zai zuba ido ina zaman dakali a Jakara ba. Washegari Umma ce ta kawo mafita. Ta ce a tura ni wajen yayanta, Kawu, can ƙauyensu a ƙasar Kura, in riƙe masa littafi a masaukin baƙinsa. Ƙarshen shekarar 1987 ne, ina ɗan shekara 18, kuma iyakar sanina da ƙauye shi ne biki ko gaisuwar mutuwa, a je da safe a dawo kafin magariba.

Umma tana da nata dalilin. Sana'arta gurasa ce, kamar mata da yawa a lungunmu, kuma da ita take cika abin da Baba ya kawo. A shekarar ne gwamnatin Babangida ta hana shigo da alkama daga waje, fulawa ta yi tsada ta kuma yi wuyar samu. Tanderun da na tashi na gani yana ci kullum tun asuba, sai ya koma wata rana a hura, wata rana a bar shi da toka mai sanyi. Da take ɗaure mini kaya ta ce, "Can da za ka, nan ake noma alkamar. Idan Yaya ya tashi sallamarka, kada ka karɓi kuɗi. Ka ce ya ba ka tsaba."

Na hau kiya-kiya, muka bi ta Gyaɗi-Gyaɗi da Na'ibawa, muka haye gadar Tamburawa, hazo ya rufe ko'ina. Daga bakin titin Zariya akori-kura ce ta ƙarasa da ni.

Masaukin Kawu ba otal ba ne irin na Sabon Gari. Babban soro ne mai ƙofa biyu, da ɗakuna shida a jere, biyu rufin kwano, huɗu rufin azara, sai rijiya, da darbejiya a tsakar fili, da ɗan masallaci da aka zagaye da duwatsu. Cikin gida yana baya, inda Inna matar Kawu take da 'ya'yanta. Kawu fatoma ne. Yaran yanzu ba su san wannan kalma ba, sai in ɗan tsaya a kanta. Fatoma shi ne maigidan da ɗan kasuwa baƙo yake sauka a wajensa. Shi zai ba shi ɗaki da tuwon dare, shi zai ajiye masa kuɗinsa, shi zai kai shi gonar da kaya suke da kyau, ya tsaya a yi ciniki, ya tsaya masa idan aka yi saɓani. Ba ya karɓar kuɗin kwana. La'ada yake samu a kan kowane kwando ko buhu da aka ɗora a mota. Idan baƙo ya gudu da bashin manomi, wuyan fatoma za a kama. Saboda haka jarin Kawu gaba ɗaya sunansa ne, kuma ya fi tsaron sunan nan a kan tsaron rumbunsa.

Aikina shi ne in rubuta wanda ya sauka, da abin da ya ba da ajiya, da kwando nawa ya saya, a hannun wa, an biya ko saura. Kawu yana da karatun allo mai ƙarfi, amma lissafin duk a kansa yake riƙewa, kuma shekaru sun fara ja. "Ɗan birni," haka yake kirana, "rubuta, kai ya gaji."

Na sauka a lokacin da gidan ya fi cika. Tun da aka gama madatsar Tiga a 1974, zamanin Audu Bako, ruwa yake biyo kanal ya shigo filayen Kadawa, sai rani ya zama damina ta biyu a wannan yanki. Da sanyin safiya za ka ga fangalolin alkama kore shar har iya ganinka, ga tumatir, ga albasa, ga tattasai, alhali bayan kanal ƙasa ta bushe ƙayau, sai kututturen kara. Daga Janairu zuwa Maris ba a barci a soron Kawu. Fatake daga Kudu, Yarbawa da Ibo, suna kwana uku huɗu suna haɗa lodin gingimari. 'Yan ci-rani daga Daura da Damagaram da Maraɗi suna kwana a barandar soro, su fita tsinkar tumatir tun kafin gari ya waye, hannuwa duk faso. Da dare a hura kara a zauna, rediyo na magana, kowa da irin Hausarsa.

A nan na fara ganin yadda arziki yake ruɓewa a gaban mai shi. Idan tumatir ya nuna gaba ɗaya, motoci suka yi ƙaranci, sai kwando ya faɗi har kuɗinsa ya kasa biyan ɗan dako. Mata da yara su yi ta yankawa suna shanyawa a kan duwatsu da gefen hanya, a yi kauɗa, ƙasa ta yi ja wur. Wanda bai samu masu yanka ba ya zubar. Na taɓa ganin dattijo ya zauna a kan kwandonsa tun hantsi har la'asar, bai ce wa kowa komai ba. Har yau idan na ji mutum a birni yana cewa manoma sun tsauwala, wannan dattijon nake tunawa, kuma ba na iya yin shiru.

Da aka yanke alkama aka sussuke, Kawu ya sallame ni da buhu biyu. Azumin shekarar ya faɗo tsakiyar bazara, zafi kamar a gasa mutum, baƙi suka watse, gidan ya yi tsit. Muka sha yaɓen ɗakuna da gyaran indararo. Da ƙaramar Sallah na kai wa Umma buhu ɗaya, na kalli Hawan Daushe, na ga tanderu ya koma ci kullum. Ɗaya buhun ta ce in bar shi a wajen Inna, ɗakin ajiyarta ya fi namu bushewa, sai tsakiyar damina idan fulawa ta ƙara tsada in kawo mata. Na koma na ɗora shi a kan duwatsu, na rufe da tabarma, na rubuta sunan Umma a jikinsa da gawayi.

Shamuwa ta dawo kan kukar bayan gari, aka yi ruwan shuka, kowa ya ɗauki sungumi. Na koyi firi da maimai, na je gayya sau biyu. Fulani suka wuce arewa da shanunsu, wasu suka kwana a filin gidan suka bar mana nono. Baƙin damina 'yan kaɗan ne: mai tallan magani, mai gyaran garma, malami mai wucewa da almajiransa. Wannan lokaci Kawu ba ya samun ko sisi, amma ba a taɓa fasa fito da tuwon baƙi soro ba, ko da mutum ɗaya ne.

Sai watan Agusta na 1988.

Duk wanda ya yi wayo a Kano a lokacin ya san ruwan shekarar. Marka ce ta kafu, ba ta ɗaukewa. A yi kamar da bakin ƙwarya, ya koma yayyafi, kafin ƙasa ta tsotse wani hadarin ya taso. A rediyo muka ji cewa madatsar Bagauda ta ɓalle. Mu kuwa rafin da yake gabas da gari ne ya cika ya tumbatsa, ya cinye hanyar da take fitar da mu titi. Ginin ƙasa yana da iyakar ruwan da zai sha. Katanga takan jiƙe daga gindi, ta yi ciki, sai cikin dare ka ji rugum, sannan salati da kukan yara. A dare ɗaya na ƙirga irin wannan ƙara sau bakwai.

Gidan Kawu a kan tudu yake. Kafin gari ya waye soro ya cika. Mata da goyo, tsofaffi a kan jaki, wani da akuya a kafaɗa, wata ba ta fito da komai ba sai tukunya da allon ɗanta. Kawu ya sa aka buɗe ɗakunan shida, mata suka shiga masu rufin kwano da cikin gida, maza suka rabu a sauran. Mutum 30 da ɗoriya muka kwana.

Wanda ya san ƙauye ya san ba lokacin da ya fi wannan wuya. Hatsin bara ya zo ƙarshe, na bana ya fid da kai amma bai isa ko tumu ba. Gidaje da yawa da kwaɗon rama da tafasa suke cika ciki. Wasu kuma ɗan abin da ya rage musu yana ƙarƙashin rumbun da ya faɗi. Dami tara ne suka rage a rumbun Kawu. Injin niƙa ruwa ya shiga, sai mata suka koma turmi da dutsen niƙa.

Ni kuwa na ɗauko littafi, na buɗe sabon shafi, na fara rubuta sunan kowane maigida da yawan bakin da ya zo da su da kwanon da aka auna musu. Aikin da aka kawo ni yi ke nan, kuma a zuciyata ina kare dukiyar Kawu ne. Ya zo ya tsaya a kaina, ya ce in karanta masa. Na karanta. Ya daɗe bai yi magana ba.

"Ɗan birni, waɗannan ba fatake ba ne. Wancan da ka rubuta farko, tare aka yi mana kaciya. Bar shafin nan. Buɗe wani, ka bi su ɗaya bayan ɗaya, ka rubuta abin da kowa ya rasa. Ɗaki nawa, dabba nawa, rumbu ko gona. Dagaci zai nema, kuma ba mai alƙalami a nan sai kai."

Kwana biyu na yi ina wannan rubutu. Ban taɓa aikin da ya yi mini nauyi kamarsa ba. Mutum zai fara lissafi da ƙarfinsa, ɗaki biyu, tumaki uku, sai ya zo kan wani ƙaramin abu, akwatin auren 'yarsa ko Alƙur'anin da ya gada rubutun hannu, muryarsa ta karye.

A rana ta biyar dami ya ƙare. Bayan sallar asuba Kawu ya kira ni bayan rijiya, inda ba mai jin mu. Bai ba ni umarni ba. Ya ce, "Buhun nan naka ne, guminka ne, kuma na san wa ka ajiye wa. Ba zan taɓa shi ba sai da bakinka. In ka ce a'a, ba wanda zai ji."

Na ce ya ba ni zuwa hantsi. Na shiga ɗakin ajiya na zauna kusa da buhun. Kwano 40 ne a ciki. Na san gurasa nawa Umma za ta fitar daga kowane kwano, na san kuɗin makarantar ƙannena biyu a nan yake, na san ta riga ta yi wa masu sarinta alkawari. Ta bango kuma ina jin wani yaro yana kuka irin na yunwa, mara ƙarfi, uwarsa tana rarrashi. Ba zan ce na bayar da daɗin rai ba. Na yi kuka, na ji haushin Kawu, na ji haushin ruwan. Sannan na jawo buhun da kaina har ƙofar Inna.

Tuwon alkama da miyar kuka aka yi ta yi, sau ɗaya a rana, da kunu da safe saboda yara. Ya kai mu har ruwa ya janye, aka fara samun masu ƙetarawa.

Da hanya ta buɗe na kai wa dagaci takardar, na kwafi ɗaya a littafina, na roƙi Kawu izinin zuwa gida. Birni ma ya sha nasa. Daga tasha har Jakara ina ratsa katangun da suka zube da azara a tsakar lungu, kududdufai sun haɗe da hanya. Gidanmu ɗakin girki ne ya faɗi, amma tanderu yana nan, an kifa masa kwano.

Na sami Umma a tsakar gida. Ta dubi hannuna, ta dubi bayana ko ɗan dako yana biye. Na durƙusa na gaishe ta, na faɗi yadda aka yi, ban ɗaga kai ba. Ta yi shiru har na ji faɗuwar ɗigon ruwa daga indararo.

"Su wa da wa suka kwana a gidan Yaya?"

Na buɗe littafin na fara karantawa. Kowane suna na kira sai ta ce wani abu a hankali. Wannan ƙawarta ce ta ɗiban ruwa. Wannan shi ya yi mata walicci. Wannan a ɗakin uwarsa aka yanke mata cibi. Da na zo kan wata tsohuwa da na rubuta wa "ɗaki ɗaya, ba ta da kowa", sai ta ce in tsaya. Ta tashi ta shiga ɗaki, na ji tana buɗe kwalla. Ta fito da zannuwa huɗu cikin na aurenta da ɗan ƙullin kuɗi, ta ce in je kasuwa in gaya wa Baba cewa gobe ni da ita za mu koma ƙauye tare.

Baba bai yarda ba. Abin da ya faru tsakaninsu a daren nan, da yadda tsohuwar ta zo ta zauna a gidanmu na Jakara har ƙarshen rayuwarta, shi zan kawo mako mai zuwa in Allah ya kai mu.