'Yar doki: lissafin da na yi kafin in sauya kyamara

Shagona ƙarami ne, ni da yara biyu muke ɗaukar bidiyon biki a cikin Kano. Muna da manyan kyamarori biyu, kwamfuta ɗaya ta editin, sai wata 'yar mitsitsiyar kyamara da ake rufe ta da tafin hannu, wadda yaran suka raɗa wa suna 'yar doki. A kanta muka yi gardamar kusan wata guda a ƙarshen 2024.

Hawan angwanci ne ya kai ni ga sayen irinta. Abokan ango ba sa gamsuwa da hoton da aka ɗauka daga gefen titi. So suke a ga kunnuwan doki a gaba, a ga hannu riƙe da linzami, a ga ƙurar da kofato ke tayarwa in an saki sukuwa. Babbar kyamara ba ta hawa sirdi. Da farko na sayi wata marar suna mai arha, an rubuta 4K ɓaro-ɓaro a kwalinta. Da muka dawo muka zuba a kwamfuta, sai ka rantse a kan injin markaɗe aka ɗaura ta. Ko daƙiƙa goma ban iya sakawa a aikin ba. A 2021 na daure na sayi GoPro Hero 9 ta hannu, ita ce ta ciyar da mu a wannan ɓangaren shekara uku. Abin da ya raba ta da waccan shi ne tana shanye girgiza, doki na gudu amma hoto yana tafiya sumul.

Ranar nan ƙaramin yaron ya shigo da waya a hannu, yana kallon bidiyon wani Bature da ke buɗe kwalin Hero 13. Ya ce, "Oga, an bar mu a tasha fa. Mu muna tara, duniya tana sha uku." Na ce masa ya kawo littafin shago da biro.

A lokacin, kuɗin sabuwar a Amurka kusan dala 400 ne. A farkon 2023, in ka je Wapa, dala tana wajen naira 750. Zuwa lokacin da muke wannan magana ta haura 1,500. Wato kafin a sa kuɗin kawowa da ribar mai shago, ana zancen naira dubu 600. Ni kuwa babu wanda ya taɓa biyana kuɗin 'yar doki daban, ƙari ce a kan aikin biki gaba ɗaya. Don haka tambayar da na yi wa kaina ita ce, wane aiki na rasa ko na ɓata saboda tawa ta tsufa?

Muka bi su ɗaya bayan ɗaya. Hero 10 ta 2021 ta zo da sabuwar ƙwaƙwalwa, GP2, tana ɗaukar 4K a hoto 120 cikin daƙiƙa, abin da ake buƙata in ana son a rage gudun bidiyo ya tafi a hankali. Tawa tana yin 120 ɗin amma a 2.7K, wanda bai kai 4K tsabtar hoto ba. Yaron ya ce ai ka ga bambanci. Na ce a ina za a gani? Amarya a WhatsApp take tura wa ƙawayenta, shi kuwa WhatsApp matse bidiyo yake yi har sai 4K da 2.7K sun zama Ɗanjuma da Ɗanjummai. Muka wuce.

A kan Hero 11 ta 2022 na daɗe ina juya biro. Sensar da ke cikinta, wato idon da ke karɓar haske, an ƙara mata tsawo, tana ɗaukar hoto kusan murabba'i, 8:7. Wanda ba ya cikin sana'ar zai ga wannan ba komai ba ne. Mu kuwa yanzu kowane biki kaya biyu muke bayarwa. Akwai dogon bidiyo a kwance na talabijin, wanda iyaye ke zama su kalla. Akwai gajeru a tsaye na TikTok da Instagram da status, kuma gaskiya su ne ke kawo mana sabbin kwastomomi. In na ɗauka a kwance da Hero 9 na zo yankawa a tsaye, sai ɗan siririn tsakiyar hoton ya rage, gefe da gefe duk su fita. Sukuwa kuma ba a cewa a sake. In dawakai sun taho a guje sun ci birki gaban ango, shi ke nan, abin da ka samu shi ka samu. Da 8:7 ɗauka ɗaya ta isa, in yanka kwance in yanka tsaye daga fayil guda. Tana kuma iya riƙe hoto a miƙe ko da mahayi ya karkace. Launinta ma ya fi yalwa, abin da ke taimakawa lokacin hunturu, da sararin sama ke zama fari fat da hazo, in ka taɓa kala a editin sai ya riƙa yin layi-layi.

Hero 12 ta 2023 sensarta ɗaya da ta 11. An gyara cin batir, an sa mata ramin kusa a ƙasa irin na tirafod, an cire GPS. Hero 13 ta dawo da GPS, ta zo da gilasai da ake sauyawa da maƙali na maganaɗisu, da batir mafi girma. A nan ne na nuna wa yaron durowa. Batura shida gare ni da caja biyu. Batirin Hero 9 yana shiga 10 da 11 da 12, amma ba ya shiga 13. In na sayi sabuwar, sai na sake tara batura daga farko, a garin da ba ka da tabbacin wuta daren jajibirin aiki.

Ban tsaya a GoPro kaɗai ba. Wani abokin sana'a ya ara min DJI Osmo Action 4 na kwana biyu, kuma ba zan ɓoye ba, ta shiga raina. Sensarta ta fi girma, saboda haka in rana ta faɗi hotonta ya fi tsabta, fuska ba ta cika yin tsakuwa-tsakuwa ba. Maƙalinta na maganaɗisu ne, ƙyas ɗaya ka cire daga ƙirjin wannan ka maƙala wa wancan, ba sai ka tsaya murɗa kusa doki yana tirje-tirje ba. Wadda ta biyo bayanta, Action 5 Pro, kamfanin ya ce batirinta yana kai awa huɗu, kodayake irin wannan lissafi a ƙaramin matakin tsabtar hoto ake yinsa. Da a ce yau nake fara sana'ar ba ni da komai a durowa, wataƙila can zan nufa. Sai dai hawa bayan la'asar ake yi, a sauka kafin magariba. Aikin dare, dina ko kamu a hol, da babbar kyamara da fitila nake yinsa. Fifikon nata bai wuce 'yan mintocin ƙarshe da haske ke gudu ba.

Insta360 kuwa, samari ne ke tambayarta da suna. Ita ce mai ɗaukar ko'ina a lokaci guda, sandar da aka ɗaura ta a kai ta ɓace a hoto, sai ka ga kamar jirgi marar matuƙi ne ke bin doki. Tana da kyau. Amma samfurinta X4 da ake cewa 8K, a kan zagayen duka aka shimfiɗa shi, abin da za ka yanko ya fi haka ƙanƙanta nesa ba kusa ba. Gilasanta biyu a waje suke kamar idon kwaɗo, ga tsakuwa na tashi. Sannan kowane minti sai ka zauna ka zaɓi inda za a kalla, kwamfutata kuma tsohuwa ce. In kwastoma ya nace, haya nake ɗaukowa in sa masa a lissafi.

Da na waiwayi ayyukan da suka ɓaci a hannuna, mafi ciwonsu ba ruwan kyamara. Wani biki ango ya yarda a ɗaura masa a ƙirji, abin da ba kasafai suke yarda ba, don cewa suke tana ɓata kwalliya. Na zura ɗamarar ta ƙarƙashin alkyabba, na gyara, na duba a waya, komai daidai. Suna tashi jelar rawaninsa ta zamo ta rufe gilashin. Minti goma sha biyu na farin yadi muka samu, da sautin algaita da numfashin ango. Tun daga ranar abokin ango da ke gefe nake ɗaura wa, kuma da fil nake kama duk wani ƙyalle da ke kusa. Wani karon katin memori ne na jabu da na saya don arha, ya nuna yana ɗauka, muka dawo fayil ya ƙi buɗewa. Zafi ma haka. Duk waɗannan ƙananan kyamarori, ko ta wane kamfani, iska ce ke sanyaya su. A kan doki mai tafiya ba su cika damuwa ba, amma ka kafa ɗaya a tirafod cikin ranar Afrilu a mataki mafi girma, kai ka ja wa kanka. Yanzu kashewa nake yi tsakanin ɗauka, in jefa mata hula.

A ƙarshe Hero 11 ta hannu na saya. Na zauna a shagon mai sayarwa na kunna ta tana ɗauka minti ashirin, na taɓa jikinta, na duba robar ƙofar batir, na haska gilashin da tocila ko akwai hazo a ciki, na yi magana na saurara ta iyafis. Ya ce, "Alhaji, ka cika bincike." Na ce ai ba a dawo da kaya a layinku. Ragowar kuɗin da na ware na sayi katin memori biyu na gaske masu alamar V30, da murfin gilashi na safaya, da ɗamarar ƙirji mai kauri, na kuma ƙara wa kwamfuta RAM, don fayilolin sabuwar sun fi nauyi.

Ban sayar da Hero 9 ba. Murfin gilashinta na uku ke kai yanzu, tsakuwa ta cinye biyu. Ita ake ɗaurewa a bayan sirdi tana kallon dawakan da ke biye, inda ba na son kai mai tsada. Yaron har yau in ya ga sabon talla sai ya turo min a WhatsApp ba tare da ya ce komai ba. Shi ne kuma yake rigan kowa ɗaukar 11 ɗin ranar aiki, ya bar wa ɗan uwansa tsohuwar.