Ɗan akwatin da ke fitowa kafin a danna mahaɗi

Aikina shirya rahotanni ne da littattafan jagora a kwamfuta, kuma da wuya shafi ya wuce babu mahaɗi, wato rubutun da ake dannawa ya kai mutum wani shafi ko fayil, a cikinsa. Duk wanda ya taɓa ɗora kibiyar maus a kan mahaɗi ya ɗan dakata bai danna ba, ya san ɗan akwatin nan da ke fitowa da rubutu a ciki. A Microsoft Word, idan ba ka taɓa shi ba, adireshin intanet ɗin ne tsirararsa yake fitowa, wani lokaci layi biyu ko uku cike da %20 da alamomin tambaya, sai umarnin a riƙe Ctrl a danna. Mai karatu ba ya tsintar komai a ciki.

Gyaran ba shi da wuya. Ka zaɓi rubutun, ka danna Ctrl da K, a saman tagar da za ta buɗe, ta hannun dama, akwai maɓallin ScreenTip, nan za ka rubuta abin da kake so ya fito. Haka yake a Excel da PowerPoint. Idan mahaɗan suna da yawa, Alt da F9 suna buɗe lambobin da ke ɓoye a bayan rubutun Word, sai ka ga bayanin zaune bayan alamar \o, ka bi su ɗaya bayan ɗaya. A shafin intanet kuwa, sifar title ta HTML, harshen da ake rubuta shafukan da shi, ita ce ke yin wannan aiki.

Abin da ya ɗauke ni lokaci shi ne sanin me ya cancanci shiga ciki. Maimaita rubutun mahaɗin ɓata wuri ne. Abin da mutum ke son ji kafin ya danna shi ne abin da zai tarar: fayil ne za a sauke ko shafi ne zai buɗe, nauyinsa nawa, da wane harshe aka rubuta shi, ana neman kalmar sirri ko a'a. "Jadawalin hutun ma'aikata, PDF ne, duba shafi na 12" ya fi dogon sharhi amfani. Ɗan akwatin ba ya jimawa a allo, kuma ba wanda ke zama ya karanta sakin layi a cikinsa.

Akwai kuma maganar amana, wadda ta fi damuna. Shekaru ana koya wa mutane su ɗora maus su duba inda mahaɗi zai kai su kafin su danna, domin ta nan ake gane tarkon 'yan damfara. A burauza, wato manhajar buɗe shafukan intanet, adireshin yana fitowa a can ƙasan allo ko me ka rubuta, amma a Word bayaninka yana maye gurbin adireshin a cikin akwatin. Ka ga ke nan ka rufe wa mutum tagar da yake leƙawa. Shi ya sa duk mahaɗin da zai fita waje nakan sa sunan shafin a ƙarshen bayanin, ko da hakan zai rage masa kyau.

Sai kuma waɗanda ba za su taɓa ganin akwatin ba. Mai karatu a waya yatsa yake sawa, babu kibiyar da za ta tsaya a kan komai. Mai bin shafi da maɓallin Tab maimakon maus, yawancin burauzoji ba sa nuna masa title. Manhajojin karanta wa makafi allo, irin su NVDA da JAWS, ba kullum suke furta shi ba, ya danganta da saiti. Ƙa'idojin WCAG 2.1 na sauƙaƙa wa masu nakasa amfani da intanet, waɗanda W3C, ƙungiyar da ke tsara ƙa'idojin shafukan intanet, ta fitar a 2018, sun nemi bayanin da mai shafi ya ƙera don fitowa haka ya zama ana iya kawar da shi, ana iya kai kibiya kansa, kuma kada ya ɓace da kansa. Saboda haka gargaɗi ko ranar rufe karɓar takardu ba na ɓoye su a nan, a fili nake rubuta su, kuma na daina barin "danna nan" a matsayin rubutun mahaɗi.

Idan na mayar da takarda PDF nakan sake bin mahaɗan, domin sau da yawa bayanin ba ya tsallakewa, adireshin ne kawai ke dawowa. Daga nan sai in buɗe ta a waya, in karanta daga farko in ga ko kowane mahaɗi yana faɗin inda ya nufa da kansa.